Shekara Ɗaya Muna Shan Ruwan Tanka a Hamadar Arizona: Sharhi Kan Wani Kamfanin Jigilar Ruwa

Daga watan Maris na 2024 zuwa ƙarshen Fabrairun 2025 na zauna da iyalina a gidan haya a Rio Verde Foothills, wata unguwa da ke bakin hamada a arewa maso gabashin birnin Scottsdale, cikin gundumar Maricopa ta jihar Arizona a Amurka. A tsawon wannan lokaci, duk ruwan da muka sha da wanda muka yi girki da wanka da alwala da shi, wani ƙaramin kamfanin jigilar ruwa ne ya riƙa kawo mana shi a tanka. Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, domin masu wannan sana'a a unguwar ba su da yawa, kuma yawancin abin da zan faɗa a kan ɗaya daga cikinsu ya hau kan sauran.

Unguwar tana da kyau matuƙa, kuma kyan nata ne ya ja mu. Gidajen manya ne, kowanne da filinsa mai faɗi, wasu da garken dawakai, ga duwatsu a nesa, ga dogayen itatuwan hamada masu ƙaya da ake kira saguwaro tsaye kamar masu gadi. Sai dai babu bututun ruwan gwamnati ko ɗaya da ya shigo cikinta. A cikin gidaje kusan 2,000 da ke wurin, wasu suna da rijiyar burtsatse, amma ɗaruruwan gidaje, har da namu, da ruwan saye suka dogara. A bayan gidanmu akwai tanki binne a ƙasa mai cin galan 5,000, wato kusan lita 19,000, ko kuma a lissafin da muka saba da shi a Kano, jarka 750 da 'yan kai mai lita 25. Ranar da na yi wa mahaifiyata wannan bayani a waya, Hajiya ta yi dariya har da tafa hannu, ta ce ashe na ƙetare teku ne don in koma sayen ruwan garuwa. Ban iya musa mata ba, domin bambancin kawai shi ne ɗan garuwan nan yana zuwa da babbar mota maimakon kura, kuma da katin banki ake biyansa.

Yin odar ruwan ba shi da wahala. Ana tura saƙon waya ga wata mata da ke riƙe da ofishin, a faɗi lambar gida da yawan galan da ake buƙata, ita kuma ta amsa da ranar da motar za ta zo. A watannin sanyi ba ta taɓa sa mu jiran fiye da kwana biyu ba, kuma sau da yawa motar kan iso washegari da hantsi. Ba a buƙatar mai gida ya kasance yana nan, tunda bakin tankin a waje yake, kuma bayan an gama sai rasit ya shigo waya ɗauke da adadin da aka zuba. Na gwada su sau uku a farkon zamanmu, ina auna tankin kafin a zuba da bayan an zuba, ban taɓa samun tauye mudu ba. Wannan kaɗai ya isa in ba su shaida mai kyau, domin wanda ya taɓa sayen ruwan tanka a ko'ina ya san cewa a nan ne ake yawan cutar mai saye.

Direban da ya fi zuwa mana dattijo ne mai ƙarancin magana, kuma na sha tsayawa ina kallon yadda yake aikinsa. Yakan shigo da motar da baya a hankali don kada ya taka tsirrai, ya sauka ya sa safar hannu, sannan kafin ya taɓa murfin tankin sai ya ɗan buga shi da ƙafa, saboda kunamu suna son laimar da ke ƙarƙashinsa. Bakin tiyon nasa kullum a rufe yake da marfi, ba ya barin ya taɓa ƙasa, kuma yakan saki ruwan farko a gindin wata bishiya kafin ya zura shi cikin tankin. Idan ya kunna injin, ba ya komawa mota ya zauna. A tsaye yake yana sauraron sautin ruwan, kuma daga yadda sautin ke sauyawa yake gane cewa tankin ya kusa cika. Shi ne ya ba ni wata doguwar sanda mai zane-zane, ya koya mini in riƙa zura ta kowace Juma'a, ya kuma gargaɗe ni kada in amince da agogon da ke jikin bango, domin zafi ya daɗe da lalata shi. Daga baya na tabbatar da gaskiyarsa, agogon yana nuna rabi alhali sanda tana nuna kashi ɗaya cikin huɗu.

Ruwan kansa tatacce ne, garau, da ɗan warin maganin da ake zuba wa ruwan famfo, wanda ke gushewa idan ya kwana a tanki. Aibinsa ɗaya shi ne nauyi, domin yana barin farin tabo kamar na kanwa a cikin butar shayi da kan famfo, sabulu kuma ba ya saurin kumfa da shi. Ba na ɗora wa kamfanin wannan, haka ruwan yankin yake. Abin da nake ɗora musu shi ne cewa ba su taɓa ba mu wata takarda da ke nuna yaushe aka wanke cikin motarsu ba, kuma da na tambaya, amsar baki kawai na samu.

Batun kuɗi kuwa ba ya buƙatar dogon bayani. Abin da muke kashewa a ruwa kowane wata ya ninka abin da muka saba biya a cikin gari, kuma mafi yawan kuɗin na man mota ne da ladan direba, ba na ruwan ba. Tsadar ta sauya mana ɗabi'a cikin makonni kaɗan. Uwargidana ta ajiye bokiti a banɗaki tana tara ruwan da ke zuba kafin ya yi ɗumi, yara suka koyi wanka da kofi kamar yadda muka taso, ni kuma na koma alwala da buta.

A watan Yuli ne aka samu matsalar da ta sa na fara bincike a kan tushen wannan sana'a. Zafin 2024 ya wuce misali, domin Phoenix, babban birnin jihar, ya yi kwana 113 a jere zafinsa yana kaiwa digiri 38 ko fiye, kuma a irin wannan lokaci kowane gida da kowane garken dawakai yana neman ruwa a rana guda. Na yi oda ranar Talata aka ce mini Alhamis, Alhamis ta zo ta wuce babu mota babu saƙo. Daren Juma'a muna kwance sai muka ji injin da ke tura ruwa cikin gida yana wani irin kuka, yana jan iska, na fita da tocila na kashe shi kafin ya ƙone. Ranar Asabar na cika bayan motata da jarkokin ruwan kanti, muka yi ta lallaɓawa da su har Litinin da yamma, lokacin da dattijon ya iso yana ba da haƙuri. Ya ce ɗaya daga cikin motocinsu ta lalace, kuma layin da ke wurin ɗibar ruwa ya cinye masa rabin yini. Lalacewar mota ƙaddara ce, ban riƙe su da ita ba. Amma kwana huɗu ba tare da ofishin ya kira ko ya amsa saƙo ba, a tsakiyar irin wannan zafi, ga gida mai ƙananan yara, sakaci ne da har yanzu ban ga uzurinsa ba, kuma ko rangwamen sisi ba su yi mana ba.

Maganar layin nan ce ta tsaya mini a rai. Kamfanin ba shi da rijiya ko madatsar ruwa, ba shi ma da haƙƙin ko ɗigo ɗaya na ruwan kogi. Mota yake da ita da tiyo, yana zuwa wani famfo da ke hannun wasu ya cika, ya kawo. Saboda haka duk ingancin aikinsa yana rataye ne da wannan famfo, shi kuma famfon yana rataye da dokokin ruwan jihar, waɗanda suka cancanci a ɗan tsaya a kansu, domin ba za a iya auna wannan hidima da adalci ba sai da su.

Arizona tana cikin jihohin da suka fi kowa tsara makomar ruwansu a Amurka. A shekarar 1968 gwamnatin tarayya ta amince a gina mata babbar hanyar ruwa mai tsawon kilomita 541 daga kogin Kolorado, wadda ke tasowa daga tafkin Havasu, ta ratsa yankin Phoenix har zuwa Tucson, injina suna tura ruwan sama da tsayin kusan mita 900. An fara aikin a 1973, amma a ƙarshen shekarun 1970 sakataren harkokin cikin gida na gwamnatin tarayya a lokacin, Cecil Andrus, ya yi barazanar tsayar da kuɗin aikin muddin jihar ba ta daina zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasarta ba bisa lissafi ba. Wannan matsin ne ya taimaka wa Gwamna Bruce Babbitt ya zaunar da manoma da masu haƙar ma'adinai da wakilan birane, har aka samar da dokar kula da ruwan ƙarƙashin ƙasa ta 1980. Dokar ta kafa ma'aikatar albarkatun ruwa ta jihar, ta ware yankuna huɗu da za a sa wa ido sosai, wato Phoenix da Pinal da Prescott da Tucson, ta hana buɗe sababbin gonakin ban-ruwa a cikinsu, ta kuma sa burin cewa kafin 2025 ruwan da ake jawowa daga ƙasa a uku daga cikinsu ya daidaita da wanda ke komawa. Shekarar ta zo ba a cim ma wannan buri a yankin Phoenix ba, amma duk da haka jihar tana amfani da ruwan da bai kai na shekarar 1957 ba, alhali jama'arta sun ninka kusan sau bakwai, kuma wannan nasara ce da ba za a raina ba.

Sashen dokar da ya fi shahara shi ne wanda ya ce duk mai son yanka fili ya sayar da gidaje a waɗannan yankuna, sai ya fara gabatar da hujjar cewa akwai ruwan da zai ishi gidajen na tsawon shekara 100, ruwa mai kyau, wanda ke samuwa a zahiri, wanda kuma doka ta ba shi ikon ɗiba. An ƙarfafa ƙa'idojin wannan sashe a 1995. Ni da na taso a garin da ake yanka fulotai a sayar, a gina unguwa sukutum, sannan kowa ya kira masu haƙar burtsatse ya huda ƙasa a ƙofar gidansa, wannan sharaɗi ya burge ni ƙwarai da na fara karanta shi. Sai dai a dokar Arizona, ba a kiran fili rukunin gidaje sai an raba shi fuloti 6 ko fiye. Wanda ya raba nasa gida 5 ko ƙasa da haka, babu mai tambayarsa takardar shekara 100, kuma wanda ya sayi ɗaya daga cikin biyar ɗin yana iya sake raba shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma ta wannan tsaga ce aka gina yawancin Rio Verde Foothills, gida bayan gida, a cikin yankin da ya fi ko'ina tsauraran dokokin ruwa. Hatta ƙananan rijiyoyin gida da ba sa jan fiye da galan 35 a minti ɗaya, dokar ta sassauta musu, kuma maƙwabtanmu da dama sun haƙa sun samu ɗan tsiyaye ko kuma busasshen rami.

Shekara da shekaru motocin ruwa suna cika tankunansu a famfon birnin Scottsdale, kowa yana ganin abin zai ɗore, duk da cewa unguwar ba ta cikin iyakar birnin kuma mazaunanta ba sa biyan harajinsa. Sai fari ya tsananta a kogin Kolorado. A watan Agusta na 2021 gwamnatin tarayya ta ayyana ƙarancin ruwa a kogin karo na farko a tarihi, bayan tafkin Mead, babbar ma'ajiyar ruwan kogin, ya ja baya ƙwarai, aka yanke wa Arizona kashi 18 cikin 100 na rabonta a 2022, aka ƙara zuwa kashi 21 a 2023. Arizona ce ta fi ɗanɗana kuɗarta, domin tun a yarjejeniyar 1968 ta yarda ruwan babbar hanyar tata ya kasance a bayan na Kalifoniya idan an shiga ƙaranci. Scottsdale, wadda kusan kashi biyu cikin uku na ruwanta daga wannan hanya yake zuwa, ta sanar tun a ƙarshen 2021 cewa za ta daina sayar wa waɗanda ke wajen iyakarta. A watan Agusta na 2022 majalisar gundumar Maricopa ta ƙi amincewa da kafa wa unguwar hukumar ruwa ta kanta, batun da ya raba kan mazauna wurin gida biyu, kuma ranar 1 ga Janairun 2023 aka rufe famfon. Wasu mazauna sun garzaya kotu ba su yi nasara ba. Direbobi suka koma yin doguwar tafiya zuwa wasu garuruwa don cika mota ɗaya, kuɗin ruwan wasu gidaje ya ninka sau uku, mutane masu gidajen alfarma suka koma tarar ruwan sama da kai wanki gidajen 'yan uwa. Dattijon namu ya yi wannan zamani, kuma ko da yake ba ya son tuna shi, ya taɓa gaya mini cewa a lokacin gidajen da yake iya kaiwa a yini ba su kai rabin na da ba.

Majalisar dokokin jihar ce ta warware rikicin, da wata doka da Gwamna Katie Hobbs ta rattaba wa hannu a watan Yunin 2023. Dokar ta kafa wata ƙaramar hukuma ta wucin gadi da za ta tsaya tsakanin unguwar da birnin, wani kamfanin samar da ruwa mai suna EPCOR ya samo ruwan daga wani wuri, Scottsdale ta tace shi ta fitar ta famfonta ba tare da an taɓa rabon mazaunanta ba, aka kuma tsara wannan ya ci gaba zuwa ƙarshen 2025, kafin EPCOR ya gina nasa wurin ɗibar. Ruwa ya dawo a watan Oktoba na 2023, kuma a ƙarƙashin wannan tsari muka yi zamanmu. A ganina dokar ta yi aikin da aka yi ta dominsa, ta ceci iyalai daga ƙishirwa, amma ba ta taɓa ƙa'idar fuloti 6 ba, kuma duk watannin da muka yi a can, ƙarar masu gini ba ta yanke ba a filayen da ke kewaye da mu.

Abin mamaki shi ne a farkon wannan wata na Yunin ne gwamnar ta sanar cewa lissafin ma'aikatar ruwa ya nuna yankin Phoenix zai gaza biyan kusan kashi 4 cikin 100 na buƙatar ruwan ƙarƙashin ƙasa a shekara 100 mai zuwa, don haka aka dakatar da ba sababbin rukunonin gidaje masu dogaro da wannan ruwa takardar shaida. Ke nan a wata guda, jiha guda ta tsayar da manyan masu gini saboda giɓin da ake hange nan da ƙarni ɗaya, yayin da mai fuloti biyar ke ci gaba da aza tubali bisa alkawarin motar da za ta zo ranar Alhamis. Kuma idan ana maganar inda ruwan jihar ke tafiya, fiye da kashi 70 cikin 100 noma ne ke shanye shi. A wancan lokaci har wani kamfani mai alaƙa da Saudiyya, Fondomonte, yana noman ciyawar shanu a filayen gwamnati da ke yammacin jihar, inda dokar 1980 ba ta iyakance jan ruwa ba, yana tura ta ƙasarsu, sai a watan Oktoba na 2023 gwamnatin jihar ta fara janye hayar filayen da yake riƙe da su a kwarin Butler. Idan aka kwatanta da wannan, ruwan da unguwarmu gaba ɗaya ke sha a shekara bai taka kara ya karya ba.

Da wannan a zuciya na sake duba takardar da na sa wa hannu da kamfanin a ranar farko, sai na lura cewa babu inda ta yi alkawarin kawo ruwa. Farashi ne kawai a ciki da yadda za a biya, sai wani layi da ke cewa suna iya sauya farashin ko dakatar da aiki idan an samu tangarɗa a wurin ɗiba. Da farko na ji haushin wannan layi, daga baya na ga cewa shi ne mafi gaskiya a takardar, tunda ba za su yi alkawarin abin da ba ya hannunsu ba. A kan abin da ke hannunsu, wato cika mudu da tsabtar tiyo da mutuncin direba, sun yi abin yabo, kuma zan ba su huɗu cikin biyar. A kan amsa waya lokacin da ake tsananin buƙatarsu, ko biyu ba su kai ba. Ga mai haya wanda zai iya tattara kayansa idan abu ya ɓaci, hidimar tana biyan buƙata, musamman idan ya ajiye ruwan kanti na kwana uku a ɗaki. Ga mai niyyar zuba dukiyarsa ya sayi gida kuwa, ban ga yadda zan ba shi shawarar ya jingina ta da mota ba, komai kirkin direbanta.

Wata biyu kafin hayarmu ta ƙare, mai gidan ya zo da tayin sayar mana da shi, da farashin da ya yi ƙasa da na irinsa a cikin gari sosai, har uwargidana ta fara lissafin inda za ta dasa zogale. Na tambaye shi takardar shaidar ruwan shekara 100, sai ya yi murmushi ya ce gidan ba ya buƙatarta, domin filin gida biyar aka raba shi. Na yi masa godiya, muka nemi ƙaramin gida a cikin gari inda famfo ke zuwa da bututu. Ranar da muke kwashe kaya wanda zai gaje mu ya zo duba ɗakuna, na ba shi lambar kamfanin da sandar awo, na gaya masa ya yi oda tun tankin yana da kashi ɗaya cikin uku, daga watan Yuni kuma tun yana da rabi, sannan ya riƙa buga murfin da ƙafa kafin ya ɗaga.